Kurmin Taɓo, Fadamar Haɗeja, da Amfanin Ƙidayar Tsuntsaye

Jawabin da aka gabatar gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Tudun Wada, Zariya



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu wannan dama. Tun da aka sanar da kan maganar yau, watau kiyaye kurmin taɓo da ƙidayar namun dajin da ke cikinsa, mun tabbata akwai waɗanda suka ce a ransu, ina ruwan Bazazzagi da kurmi, balle taɓo? Ai ko sunan unguwar da muke zaune ya isa shaida a kan tudu muke. Tambayar tana kan hanya. Sai dai muna roƙo ku yi haƙuri mu ɗan yi nisa da gida tukuna, domin abin da ya sami mutanen can ya riga ya fara samunmu, kuma da yawa daga cikinku nan da 'yan shekaru ku ne za ku zauna a kan teburan da ake yanke shawarar inda ruwan ƙasar nan zai bi.

Da farko bari mu san irin taɓon da muke nufi. Kowa ya sani, in ganye ya faɗi a ƙasar Hausa, kafin damina ta zagayo gara da rana sun gama da shi. To, akwai wuraren da ruwa ke kwanciya shekara da shekaru ba ya janyewa. A irin waɗannan wurare, in ganye ko reshe ko saiwa ta mutu ta nutse, ba ta samun iskar da ƙwayoyin da ke ruɓar da abu suke bukata, sai ta tsaya ba ta gama ruɓewa ba. Na bana ya hau kan na bara, har abin ya taru ya zama wata baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, wadda kusan kashi tara cikin goma nata ruwa ne. Turawa na ce mata fit. Mu a nan za mu kira ta taɓon ganye, dajin da ya tsiro a kanta kuma kurmin taɓo. Taruwarta ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu a shekara, amma a ɓangaren Indunusiya na tsibirin Borniyo akwai inda zurfinta ya haura mita goma. Ku yi lissafin shekarun da kanku.

Abin da ya sa duniya ta damu da wannan ƙasa shi ne, duk itacen da bai ruɓe ba yana riƙe da sinadarin gawayi, watau kabon, wanda in ya fita ya shiga iska shi ke ƙara ɗumamar yanayi. Taɓon ganye bai rufe fiye da kashi uku cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma kabon da ke ɓoye a cikinsa ya fi wanda ke jikin dukan itatuwan dazuzzukan duniya. Rumbu ne babba, ruwa kuwa shi ne murfinsa.

A ƙarshen 1995 Shugaba Suharto na Indunusiya ya sa hannu a kan wani gagarumin shiri na mai da kadada miliyan ɗaya ta kurmin taɓo a lardin Kalimantan ta Tsakiya gonar shinkafa. Wannan fili ya kai kusan rabin Jihar Kano ta yau. Niyyar ba mummuna ba ce, ƙasa ce mai ɗimbin jama'a tana son ta ci da kanta. Aka sare itatuwa, aka haƙa magudanan ruwa masu tsawon fiye da kilomita 4,000. Magudanan da aka haƙa domin ban-ruwa sai suka zama hanyar tsiyaye ruwan kurmin zuwa koguna. Taɓo ya bushe, ƙasar kuma ta yi tsami ƙwarai har shinkafar kirki ba ta samu ba. Da fari ya zo a 1997 sai wuta ta kama. Wutar taɓo kuwa ba irin gobarar dajin da muka saba gani da kaka ba ce, wadda ke lashe ciyawa ta wuce. Ita ƙarƙashin ƙasa take ci, kamar wutar ƙaiƙayi, mako da makonni ba a ganin harshenta sai hayaƙi. Hayaƙin ya rufe Maleshiya da Singafo, aka rufe makarantu, jiragen sama suka kasa sauka. Wata masaniya 'yar Ingila, Susan Page, ita da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2002 cewa kabon da gobarar Indunusiya ta saka a iska a wannan shekara ya kai tsakanin kashi 13 da kashi 40 cikin ɗari na abin da duniya duka ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona mai da kwal da gas.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2015 wuta ta sake cin kadada miliyan 2.6, filin da ya fi Jihar Katsina faɗi, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta hasarar a kan dala biliyan 16. A farkon 2016 Gwamnatin ƙasar ta kafa hukuma ta musamman domin farfaɗo da taɓon. Babban aikin hukumar kuwa mene ne? Toshe magudanan da aka kashe dukiya aka haƙa, domin ruwa ya koma inda yake tun asali.

A cikin wannan kurmi ne babban birin nan mai jan gashi, orangutan, yake zaune. Ganinsa da wuya, domin a saman itace yake rayuwa, kuma ba ya son taro. Amma yana da wata al'ada: kusan kowane dare sai ya lanƙwasa rassa ya yi sabuwar sheƙa ya kwana. Saboda haka masu bincike sheƙa suke ƙirgawa. Su ja layi miƙaƙƙe cikin kurmin, su bi shi da ƙafa cikin laka, su rubuta kowace sheƙa da nisanta daga layin. Sa'an nan da yake sun san kwana nawa sheƙa ke yi kafin ta lalace, sai su fitar da adadin birai. Ana kuma ɗaure na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa, masu ɗauka da kansu in dabba ta gifta. Aiki ne mai gajiyarwa, babu wanda ke yin suna da shi. Amma da irinsa ne aka tara shaidar da ta sa Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta sa birin Borniyo cikin jerin masu dab da ƙarewa a 2016, kuma wani bincike na 2018 ya nuna an yi hasarar fiye da 100,000 daga cikinsu tsakanin 1999 da 2015. Ba domin masu bin layin nan ba, da sai dai a riƙa cewa "kamar sun ragu", mai son sare kurmi kuma ya ce ba su ragu ba, a tashi babu mai gaskiya.

Mu matso kusa, mu shigo nahiyarmu. Kurmin taɓo mafi girma a ƙasashe masu zafi yana tsakiyar kwarin kogin Kwango, ba Kongon nan tamu ta bayan gida ba. Abin mamaki, sai a 2017 aka fitar da taswirarsa, bayan da Greta Dargie da Simon Lewis tare da masana na ƙasar Kwango suka yi ta kutsawa cikin ruwa suna soka ƙarfe suna auna zurfin taɓo. Suka sami murabba'in kilomita 145,500, watau ya ninka Jihar Kaduna sau uku har da ɗoriya, yana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30, kuma ya fara taruwa fiye da shekara dubu goma da suka wuce. Tun kafin wannan, a 2008, masu ƙirga sheƙa sun ba da sanarwar cewa akwai gwaggon biri kimanin 125,000 a arewacin Kwango ta Barazabil, da yawansu cikin kurmin ruwa, adadin da ba wanda ya zata. A 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indunusiya suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Barazabil ta kare wurin. Duk da haka a 2022 Gwamnatin Kinshasa ta sa filayen haƙar mai a gwanjo, waɗansu a kan taɓon. An soke gwanjon a 2024, amma masu kwaɗayin abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba su tafi ko'ina ba.

To, 'yan'uwa, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu dawo gida.

A Nijeriya kurmin ruwa na sosai yana kudu, a bakin kogin Kwara inda ya rarrabu zai shiga teku, kamar kurmin Apoi na Jihar Bayelsa, inda wani jan biri yake wanda masana ba su san da shi ba sai a 1993. Mu a Arewa ba mu da taɓon ganye mai zurfi, domin raninmu ya yi tsawo, ba ya barin ganye ya taru. Abin da Allah Ya ba mu a madadinsa shi ne fadama, uwar fadamunmu kuwa ita ce ta Haɗeja da Nguru, wadda ta ratsa Jihohin Jigawa da Yobe ta taɓa Bauci. Ƙasar ba iri ɗaya ba ce da ta Borniyo, amma ran duka biyun abu guda ne, watau ruwan da ke zuwa a kan lokacinsa.

Ga yadda take. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Da suka bar ƙasa mai dutse suka shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi ta kwarin Cadi, sai gudunsu ya ragu, su rarrabu tsakanin tsofaffin tuddan yashi, su malale ko'ina wajen watan Agusta da Satumba, kafin abin da ya saura ya tattaru wajen Gashuwa ya kama hanyar Tafkin Cadi da sunan Komadugu Yobe. Wannan malala ita ce arzikin ƙasar. In ruwa ya taso, manomi ya yi shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. In ya fara janyewa, a bi danshi a shuka wake da masakwa da kayan lambu, masunci ya kama tarwaɗa da karfasa da bargi a kududdufai. In rani ya tsananta, Bafillace ya sauko da shanunsa su ci burugu. Mata su yanki kaba su saƙa tabarma, a tsinci goriba, a sami itacen girki a kurmin bagaruwa da giyayya irin na Baturiya. Ruwan da ya nutse cikin yashi kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin, waɗanda mutanensu ba su ma san daga inda yake zuwa ba. Fili ɗaya, amfani huɗu ko biyar a shekara, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani kowa da lokacinsa.

Sa'an nan ga baƙi. Kowace shekara in sanyi ya kama Turai da Rasha, dubban ɗaruruwan tsuntsayen ruwa suna ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, ruwan farko da suke tararwa kuwa shi ne irin wannan fadama. Su sauka su tarar da 'yan gida, ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi da kwasakwasa. An rubuta fiye da iri 370 na tsuntsaye a wurin.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Calawa. Ba mu zo nan domin mu zagi waɗannan ayyuka ba. An yi Tiga ne ana tsakiyar farin da ya kashe dabbobi ya tagayyara jama'a a farkon shekarun 1970, birnin Kano yana shan ruwanta har gobe, kuma duk wanda ya bi ta Kadawa da Kura da rani ya ga shinkafa da tumatir ya san ta yi amfani. Amma ruwan da aka tare a sama, wani aka hana a ƙasa. A 1969 da 1974 malalar fadamar ta rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 akwai shekarun da ba ta kai ko rabin haka ba. Fari yana da nasa laifi, musamman na 1983 da 1984, amma ba shi kaɗai ba ne.

Wata ɓarnar ma ta fi ƙarancin ruwan ban haushi. A da kogin Haɗeja yana cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara domin masu noman rani, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa, ciyawar kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyi, ta tare laka, har ruwa ya karkata ya fi bin hanyar Marma zuwa Nguru. Sakamakon haka waɗansu garuruwa gonakinsu suka nutse ba sa fitowa, waɗansu kuma a ƙasa, wajen Gashuwa, suna jiran ruwa ba ya isowa yadda ya saba. Kacallar ta zama maɓoyar jan-baki, tsuntsun nan da ke iya cinye gonar gero ko shinkafa cikin 'yan kwanaki. Saboda haka in kun je Guri ko Nguru kuna maganar kare tsuntsaye, kada ku yi mamaki in manomi ya harare ku. Yana da hujja.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da muka san tana ran waɗansunku: mutane na fama da yunwa, a tsaya ana ƙirga agwagi? Amsarmu ita ce, agwagwar ruwa da masunci da mai shinkafa da makiyayi duk abu ɗaya suke jira, watau malalar Agusta da janyewarta. Shekarar da tsuntsaye suka cika fadama, ita ce shekarar da kifi ya yi araha a kasuwar Nguru. Ƙirga tsuntsu ya fi ƙirga kifin da ke cikin ruwa sauƙi da arha, domin haka shi ne ma'aunin da talaka irinmu zai iya riƙewa. Game da tattalin arziki kuwa, an riga an yi lissafin. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke bayarwa ta fuskar noma da kifi da itace kawai, ba su ma sa kiwo da ruwan rijiya ba, suka kwatanta da abin da aikin ban-ruwa na kogin Kano ke bayarwa. Suka tarar a kan kowane ma'aunin ruwa guda, ribar fadama ta ninka ta ban-ruwa ninkin-ba-ninkin. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan riba shi ne ba ta shiga littafin kowace ma'aikata. Matar da ta saƙa tabarma ba ta ba da rasit.

An yi ƙoƙari, kuma ya kamata a faɗa. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru, da hannun Gidauniyar NCF ta nan gida da Ƙungiyar IUCN da ƙungiyoyin masu kula da tsuntsaye na ƙetare. A 1989 Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona. A 1991 wani sashe na fadamar ya shiga Gandun Ƙasa na Kwarin Cadi. A 1993 aka buga littafi guda a kan fadamar, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi kuwa namu ne, Dokta Muhtari Aminu-Kano. A shekara ta 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga kundin Ramsar, watau yarjejeniyar kare fadamun duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. A 2006 Jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga Baturiya zuwa gandun ƙasa.

Takardu sun yi yawa, alhamdu lillahi. Amma a ganinmu suna da allo da shinge ba sa kawo ruwa. Ana iya kewaye Dagona da waya, a sa masu gadi da bindiga, in ba a sako ruwa daga sama a kan kari ba, busasshen fili za su yi gadi. Bugu da ƙari, gandun da aka kafa aka kori masunci da makiyayi ba tare da an zauna da Sarkin Ruwa da Bulama da Arɗo ba, abokan gaba kawai ya tara wa kansa. Maƙwabtanmu na Kamaru sun gwada wata hanya. Madatsar Maga da aka gina a 1979 ta kashe malalar fadamar Waza da Logon, sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa, makiyaya suka biyo su. Masana sun daɗe suna ba da irin wannan shawara game da Tiga da Calawa, watau a riƙa sako ruwa mai yawa da damina domin a kwaikwayi malalar asali, a rage na rani domin kacalla ta bushe. Duk ranar da aka sake ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage ba a tare ba, wannan lissafi ne ya kamata a fara ɗorawa a kan tebur.

Yanzu bari mu faɗi yadda ƙidayar take, domin kada a ɗauka wani sihiri ne. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu, aka faɗaɗa ta sosai a Afirka daga 1991. An zaɓi Janairu ne domin a lokacin baƙin sun zauna wuri ɗaya, ba a ƙirga tsuntsu guda sau biyu a ƙasashe biyu. Sharaɗin aikin shi ne a koma wuri ɗaya, a wata ɗaya, a bi hanya ɗaya kowace shekara. In garke ya yi yawa, mai ƙidaya ya ƙirga goma ko ɗari da tabaron hangen nesa, ya riƙe girman wannan gungu a idonsa, ya yi ta aunawa da shi har ƙarshen garken. In ya je bai ga kome ba, ya rubuta sifiri, domin sifirin nan ma labari ne, wani lokaci ma ya fi kowane adadi nauyi. A fadamar Haɗeja da Nguru an sami kimanin 260,000 a 1995, da 200,000 a 1996, da 324,000 a 1997. Ku dubi yadda adadin ke hawa da sauka. Wanda ya ƙirga shekara biyun farko kawai zai ce tsuntsaye na ƙarewa, wanda ya ƙirga biyun ƙarshe zai ce sun bunƙasa, alhali sai an jera shekaru masu yawa, an gwama su da faɗin malalar kowace shekara, kafin a san gaskiya. Adadin kuma yana da ƙarfi a gaban hukuma, domin cikin sharuɗɗan Ramsar akwai cewa wurin da ke tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi ɗaya cikin ɗari na wani iri, ya cancanci shiga kundin.

Me ke faruwa in ba a ƙirga ba? Ku tambayi kakanninku labarin gauraka, mai tukkun zinariya, wanda ake kira tsuntsun ƙasar Nijeriya. A da dubbai ne a fadamun Arewa. Aka yi ta kama shi ana sayarwa domin ado a gidajen masu hali, fadamun da yake ƙwai kuma suna bushewa. Kafin a yi taron ƙasa da ƙasa a kansa a Kano a 1992, ya riga ya kusa ƙarewa a dajinmu. Ko kuwa ungulu: wa ya taɓa zaton za a je mahauta a rasa ta? Saboda yawanta ba wanda ya ga dalilin ƙirga ta, sai ga shi a 2015 an sa irin wadda muka saba gani a gari cikin masu dab da ƙarewa. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda a karin magana kawai suka san ta.

Mu mutanen Zariya muna da wata gata da garuruwa da yawa ba su da ita. A shekarun 1960 wani malami a Jami'ar Ahmadu Bello, Hilary Fry, ya yi shekaru yana nazarin tsuntsun nan mai jan wuya mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa rami a gaɓar rafi, kuma a 1965 ya buga jerin tsuntsayen Zariya a mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, wadda daga baya ta koma Malimbus. Watau muna da ma'aunin abin da ke bakin Kubanni da Galma shekara sittin da suka wuce. Tun daga lokacin gari ya cinye fadamu da yawa, an yi gini a kan hanyar ruwa, shara da ruwan kwata suna gangarawa Kubanni. Ɗalibin da ya ɗauki wancan jeri ya bi wuraren nan yau ya rubuta abin da ya saura, ya yi aikin digiri wanda za a nema bayan shekara hamsin. Ba kuma shi kaɗai zai yi ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, masu sa kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani a wayar hannu suna aikawa. Ba a tambayar mutum ko kimiyya yake karantawa. Ɗalibin shari'a ko na mulki a Kongo yana iya yi.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, naku ya fi nauyi. Tun 1992 akwai doka mai lamba 86 wadda ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Wata rana fayil zai iso gabanku, na madatsa ko na hanya ko na rabon filaye a fadama, da rahoto mai kauri a maƙale. Kada kaurinsa ya ruɗe ku. Ku buɗe ku nemi shafin da ya faɗi ruwa nawa za a bar wa na ƙasa, da watan da za a sake shi, da wanda aka ɗora wa alhakin aunawa bayan an yanke ƙyalle an watse. Ku duba ko masu rahoton sun je wurin da damina da rani, ko kuwa yini ɗaya suka yi a cikin mota. In babu waɗannan, ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon tsai da aiki, amma yana da ikon rubuta tambayarsa a cikin fayil ya sa hannu da kwanan wata, duk wanda ya zo bayansa kuma zai tarar da ita.

Masu sha'awar fita ƙidaya, Janairu ne lokacinta, kuma madatsar Jami'a ta Samaru da bakin Galma sun isa wurin koyo kafin a yi maganar Nguru. Abin da ake bukata littafin rubutu ne da fensir, da tabaron hangen nesa ko da guda ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa, da fitowa bayan sallar asuba kafin hazo ya yi kauri.